Maganin rawar hannu a wayar hoto: ko ya cancanci kuɗinsa?

 

Kowace shekara in kaka ta yi, kuɗi kan ɗan shigo hannu. Wani ya sayar da gyaɗa, wani rake, wani ya kai bijimi kasuwa. Daga nan sai lissafin abin da za a saya. A da rediyo ne da keke. Yanzu waya ce a gaba, kuma mai ɗaukar hoto. Da yake ni ke riƙe da littafin ƙungiyar manoma ta unguwarmu, mutane kan kawo mini kwalin waya in karanta musu abin da aka rubuta a jiki. Bana tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa. Mutum ya je Gaya ko Kamba, mai shago ya ajiye masa waya biyu. Girmansu kusan ɗaya. Amma ɗaya ta fi ɗaya tsada, har ratar ta kai kuɗin akuya. In ya tambayi dalili, sai a ce masa mai tsadar tana da abin da ke hana hoto rawa. A jikin kwalinta akwai haruffa uku, OIS. Ni dai na sa masa suna maganin rawar hannu.

To, a ƙara kuɗin akuyar ko a bari? Ra'ayina shi ne mafi yawanmu ba mu da bukatarsa. Akwai kaɗan daga cikinmu da zai yi wa amfani ƙwarai. Bari in faɗi dalili, kowa ya duba inda ya faɗa.

Da farko mu san abin da ke ɓata hoto. Kyamara ido ce. In ka taɓa wurin ɗauka, sai ta buɗe ido, haske ya shiga, ta rufe. Ƙiftawa ke nan. Abin da ta gani cikin wannan ƙiftawar shi ne hoto. Da rana tsaka haske ya yi yawa, saboda haka ƙiftawar gajeriya ce ƙwarai. A raba sakan guda gida 1000, gida ɗaya ya ishe ta. Cikin wannan ɗan lokaci ko hannunka na rawa bai isa ya je ko'ina ba. Amma bayan magariba, ko cikin ɗaki, haske ya ragu. Dole ta bar idon a buɗe ya daɗe, kamar gida ɗaya cikin 10 na sakan, wani lokaci ma fiye. A nan ne duk wani motsi ke shiga cikin hoto, ya fito dishi-dishi kamar an shafa shi da jiƙaƙƙen hannu.

Motsin nan iri biyu ne, kuma a nan maganar take. Akwai motsin hannun mai ɗauka. Akwai motsin abin da ake ɗauka. A riƙe wannan da kyau.

Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak. Numfashi na motsa shi, bugun zuciya na motsa shi. Wanda ya yini da hauya ko ya ja guga hamsin a rijiya, nasa ya fi rawa. Maganin rawar hannu an yi shi ne don wannan. Ku dubi mace da ta ɗauko tulu daga rijiya. Tana tafiya kan yashi, ƙafa na nutsewa, ƙugu na juyawa, amma tulun yana zaune daram, don wuyanta na gyara shi a kowane taku. Haka abin yake cikin waya. Akwai wani ɗan ma'auni da ke jin duk karkatar da wayar ta yi. Ƙwayar gilashin idon kuma ba a kafe ta ba, an rataye ta ne tsakanin ƴan wayoyi da maganaɗisu. In hannunka ya karkata dama, sai a tura gilashin ya rama. Ana yin haka sau ɗaruruwa cikin sakan guda, ba ka gani, ba ka ji.

Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Mutanen Japan suka fara kawo ta kasuwa. Kamfanin Nikon ya sa ta cikin wata ƙaramar kyamara a 1994. A 1995 kamfanin Canon ya fito da dogon ido na manyan kyamarori mai ɗauke da ita. Na farkon nan yakan bar mutum ya ninka daɗewar ƙiftawa kamar sau 4 ba tare da hoto ya lalace ba. Na yanzu sukan kai ninki 16, wasu fiye. Ta shiga waya da Nokia Lumia 920 a 2012. Da farko sai wayoyin masu hali. A 2021 aka gan ta cikin Samsung A52 da Tecno Camon 18 Premier, daga nan ta fara gangarowa zuwa irin wayoyin da ke isowa kasuwanninmu.

Amma tulun da ke kan mace shi kaɗai wuyanta ke iya gyarawa. Ba ta da iko da akuyar da ta gilma a gabanta. Haka wannan na'ura. Hannunka take tsayarwa. Ba ta tsai da sa, ba ta tsai da yaro, ba ta tsai da ɗan kokowa. Mai shago ba ya faɗin wannan, wataƙila shi ma ba a gaya masa ba.

Gani ya kori ji. Ɗan ƙanwata ya dawo daga cin rani da waya mai wannan abu. Tawa kuwa ba ta da shi. Na ce masa, “Ɗana, zo mu gwada su yini guda.” Da hantsi muka je mashaya, muka ɗauki wani jan sa mai dogayen ƙaho. Ya ɗauka, na ɗauka. Muka nuna wa mutanen da ke wurin, muka ce su zaɓi na waya mai tsada. Wasu suka nuna nasa, wasu nawa. Har mai san ya ce shi dai duka biyu sansa ne. Da azahar muka ɗauki gonar rake da giginyun da ke bayanta. Nan ma ba wani bambanci da ido zai kama.

Bayan magariba muka shiga zaure. Na buɗe littafin ƙungiya, shafin da ke da sunayen waɗanda suka karɓi taki. Ya ɗauka a tsaye, da hannu ɗaya. Rubutu ya fito tas, ana karanta kowane suna. Na ɗauka, nawa ya fito kamar sawun kaji. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ka gani ko?” Na gani. A nan wayarsa ta ci tawa, ba gardama. Sai na jawo turmi na kife, na ɗora gwiwar hannuna biyu a kai, na riƙe numfashi, na sake ɗauka. Ya fito ana karantawa. Bai kai nasa haske ba, amma ba sunan da ya ɓace.

Daga nan muka fita garke, duhu ya fara. Akwai ɗan maraƙi da aka haifa kwana uku, yana ta tsalle gefen uwarsa. Ya ɗauka, na ɗauka. A nasa hoton turke ya fito sarai, igiya ta fito sarai, danga ta fito sarai. Maraƙin kuwa sai wani farin hayaƙi mai ƙafa shida. Nawa ma haka. Yaron ya yi shiru yana duban wayarsa.

Yanzu mu tambayi kanmu, hoton me muke ɗauka, kuma da wane lokaci? Makiyayi na ɗaukar rago ya aika wa dillali a Doso ko Yamai kafin Layya. Manomi na ɗaukar ganyen da ciwo ya kama ya aika wa malamin gona. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, irin wannan hoto ya yawaita, kuma ma'aikatan RECA kan karɓi tambayoyin manoma ta WhatsApp. Mata na ɗaukar gishirin Foga ko tabarmi su nuna wa mai saye. Akwai hoton takarda, katin ɗan ƙasa, rasit. Kusan dukan waɗannan za a iya ɗaukarsu da rana. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta. Mutanen da suka ƙera wannan na'ura suna zaune ne inda sanyi da gajimare kan rufe rana wata da watanni, kuma yawancin rayuwarsu cikin ɗaki take. Mu a Dallol Mauri inuwa muke nema.

Hoton rago ya isa a tsaya a kansa, don kuɗi ne. Mai saye da ke nesa ba ya taɓa ƙirjin rago, ba ya ɗaga shi. Abin da ya gani a waya shi zai yi wa kuɗi. In hoto ya fito dishi-dishi, sai ya yi zaton ana ɓoye wani abu, ya rage tayi. To abin da na ga yana aiki shi ne a fito da ragon da hantsi, kafin rana ta take. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Yaro ya riƙe ragon, ko a zuba masa dusa ya natsu. A durƙusa daidai tsayinsa, don in ka ɗauke shi daga sama zai fito ƙarami da gajerun ƙafafu. A ɗauki gefe, a ɗauki gaba, a ɗauki baya, a buɗe baki a ɗauki haƙora. Kowane a ɗauka sau uku, a zaɓi mai kyau, tunda yanzu ba fim ake ƙonawa ba. Wayar da ba ta da maganin rawar hannu za ta yi wannan aiki daidai da mai shi.

Hoton tsutsa kuma, abin da ke ɓata shi iska ce. Kana ɗauka ganye na kaɗawa. Ba na'urar da za ta tsai da iskar hunturu. Sai a yanko ganyen, a shimfiɗa shi kan farin buhu a wuri mai haske, a ajiye ashana ko ƙwandala kusa don malamin ya gane girman tsutsar. Kada a kai wayar kusa ƙwarai, a bar kamar taƙi guda, a taɓa tsutsar a fuskar wayar don idon ya tsaya a kanta. Kafin duk wannan a goge gilashin da gefen riga mai laushi. Na sha ganin wanda ke zagin wayarsa, alhali man ƙuli-ƙuli ne da ƙura a kan idon.

Ga wani abu kuma. Hoton da aka tura ta WhatsApp, in ba an zaɓi a tura shi da cikakken girmansa ba, matse shi ake yi don ya yi sauƙin tafiya. A inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ba mai tura babban hoto. Ke nan ɗan fifikon da mai tsada ta yi, rabinsa a hanya yake zubewa.

Dattawa za su tuna mai hoton kasuwa na da. Akwatinsa na katako, ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da yake rufe kansa. Zai zaunar da kai ya ce kada ka motsa. Ƙafa ukun nan su ne maganin rawar hannunsa, “kada ka motsa” kuma shi ne maganin motsinka. Ya san ciwo biyu ne, ya ba kowane nasa magani. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948. Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Yau ana rataye su a manyan gidajen nuni na Faransa da Amurka, ana ganin zaren kowace riga. Ya yi su shekaru da dama kafin a ƙera abin da ake ce mana mu ƙara kuɗin akuya a kansa.

Mu ma muna da ƙafafun. Makiyayi na da sanda. Ka kafa ta a ƙasa, ka ɗora wayar a kanta, ka riƙe da hannu biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba ya kuma ɗaukar hoton kirki. Akwai katanga, akwai gindin giginya, akwai amalanke. In ba ko ɗaya, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki numfashi, sa'an nan ka taɓa a hankali. Kowace waya kuma tana da agogon jira, wanda kan ƙirga sakan 3 ko 10 kafin ta ɗauka. Ka jingine ta, ka sa agogon, ka janye hannunka gaba ɗaya.

Su wa ke nan ya kamata su biya? Na farko mai ɗaukar bidiyo yana tafe. A nan turmi da sanda ba su da amfani. Samarin da ake kira biki da suna su ɗauki rakiyar amarya, suna tafiya da baya cikin taro, su wannan abu sana'arsu ce. Bidiyon da ke rawa yakan sa mai kallo jiri, kuma ba za a sake kiran mai shi ba. In yaro na samun kuɗi da wayarsa, biki biyar ko shida sun mayar masa da ratar. Haka wanda aikinsa ke kan ruwa, cikin kwalekwale a kogin Kwara wajen Gaya, inda ba abin jingina da ba ya motsi. Haka ma'aikacin da dole ya ɗauki takardu cikin ɗaki ko da dare, kamar mai taimaka wa ungozoma ko magatakardan da ake tasa da tsakar dare. Sai kuma dattijon da hannunsa ke karkarwa don tsufa ko ciwo. Shi kam in yana da hali ya saya, zai ji daɗinsa.

Akwai kuma mai jawo abu daga nesa. Duk lokacin da ka jawo abu kusa da zum, rawar hannunka ma ka jawo ta. In ka ninka girman abu sau 5, rawar ta ninku sau 5. Kamar doguwar gora ce ta kaɗo mangwaro: hannu ya motsa kaɗan, bakin gorar ya yi lilo. Shi ya sa masu hoton sana'a da ke sa dogon ido kan kyamara suka fi kowa son wannan na'ura. Ga wanda zai sayi babbar kyamara don sana'a, ga shawara. Dogon ido, a sayi mai maganin rawa. Gajeren ido na hoton mutum a tsaye ko na taro da rana, ba dole. A kuma tambaya ko jikin kyamarar kansa na da maganin, don tun 2003 kamfanin Minolta ya fara sa shi cikin jiki, kuma yau kyamarori da yawa haka suke. In jiki na da shi, kowane ido ka ɗaura ya samu, ba sai an biya sau biyu ba.

Ko su masu sana'ar, kada su ɗauka sun gama da dare. Filin kokowa in rana ta faɗi, ko rawar ƴan mata a dandali, motsin mutane ne. Za ka samu makaɗi da ke zaune ya fito, ƴan kokowar sun zama hayaƙi kamar maraƙin nan. Maganin wannan haske ne. Malick Sidibé na Bamako da Philippe Koudjina na Yamai sun ɗauki matasa suna rawa da dare a shekarun 1960 da 1970, hotuna tas. Fitilar walƙiya suka yi aiki da ita. Saurayin da ke da kuɗin abu ɗaya tak, tsakanin maganin rawa da fitila mai kyau, in aikinsa na dare ne ni fitilar zan ce ya fara saya.

Sai maganar lalacewa, wadda ta fi damuna. Na ce gilashin a rataye yake. Abin da ke rataye ya fi abin da ke kafe saurin samun matsala. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu wayoyinsa cewa girgizar injin babur mai ƙarfi na iya lalata wannan na'ura in an ɗaure wayar a jikin babur. Har ƙananan babura ya ce a sa abin da zai rage girgiza, kuma kada a daɗe ana yi. Ku dubi hanyoyinmu na burji da ramu, ku dubi ƴan kabu-kabu da ke ɗaure waya a kan babur daga safe har dare. In abin ya lalace, hoto kan riƙa ɓari da kansa ko da wayar na ajiye, kuma gyaransa sai an canza idon dungum. Mai irin wannan waya ya sa ta aljihun riga in zai hau babur. Ya kiyaye ta da faɗuwa a bakin rijiya.

Don haka masu sayen ta hannu su yi hattara. Araha ba ta ado. Waya mai tsada da aka karyar da kuɗinta, sau da yawa akwai dalili.

A san kuma haruffan iri biyu ne. Akwai OIS, wanda gilashi ke motsi da gaske. Akwai EIS, wanda ba abin da ke motsi, wayar ce ke yanke gefen hoto tana daidaita tsakiya da lissafi. Na biyun yana taimakon bidiyo da rana, yana rage faɗin abin da ake gani, kuma ba shi da tsadar ƙira. Mai shago kan kira su duka da suna ɗaya. In za a karɓi kuɗin na farko, a ga haruffansa a kwali. Gaskiya ne kuma waya mai tsadar takan fi a wasu wurare, kamar girman ma'ajiya ko ƙarfin batir. In don waɗannan za ka ƙara kuɗi, wannan wata magana ce, ka auna su da kansu. Ni a wurina batir mai kwana biyu ya fi, don wanda ke daji da shanu ba ya cajin waya a gindin kalgo.

Wanda ya riga ya yi niyya, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka gwada a bakin shago cikin rana, can duk waya gwana ce. Ka shiga can ciki inda ya fi duhu. Ka nemi rubutu ƙanana, kamar na jikin kwali ko kalanda. Ka ɗauka da mai tsada sau uku, da mai araha sau uku, a tsaye, ba jingina. Ka buɗe hotunan da yatsa biyu ka duba rubutun. Sa'an nan ka kunna bidiyo ka yi taku goma zuwa ƙofa da kowace. Daga ƙarshe ka sa yaron shago ya kaɗa hannu, ka ɗauke shi da duka biyun. In mai shago ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama, akwai wani shagon a gaba. In ta hannu ce, ka ƙara da ajiye ta kan tebur da kyamara a kunne, ka zuba ido minti guda ka ga ko hoton na ɓari shi kaɗai, ka kuma kara kunne ka ji ko idon na ƙara kamar sauro.